Yadda Aka Kushe Rafin Kanya

Duk telan da ya kwana biyu a Fagge ya san Ambrose mai gyaran keke. In keken ɗinki ya fara tsinka zare ana gab da Sallah, shi ake aika wa, kuma shi ake fargabar zuwansa, domin bai taɓa kwance keke ba sai ya fara wanke mai keken tas. Zai ajiye jakar kayan aikinsa, ya shafo ƙarƙashin keken da yatsa, ya ɗaga yatsan kowa ya gani. "Wannan mai ne ko kunun kanwa? Yaushe rabonka da share shi?" Tela sai ya sunkuyar da kai ya sha faɗansa, don ya san in an gama keken zai koma tafiya sumul.

A Sabon Gari aka haife shi, bayan an gama yaƙin basasa ubansa ya dawo daga ƙasar Ibo ya koma aikinsa a tashar jirgin ƙasa. A ɗakin haya ya buɗe ido, kuma har furfura ta cinye masa kai bai bar ɗakin haya ba. Hausa kuwa, in kana bayan labule ka ji shi yana musu, za ka rantse a Fagge aka yanke masa cibiya. Matarsa Nneka, wadda yake kira Mama Amarachi, tana sayar da garin rogo da manja a kasuwar Sabon Gari. 'Ya'yansu sun girma sun watse, saura su biyu a irin gidajen nan da ƙofa ke kallon ƙofa, inda in ka yi atishawa maƙwabci zai ce maka sannu.

Tun yana saurayi ya shiga 'yan badujalar cocinsu, aka ba shi bigila ya riƙa busawa. Ranar da ya fara gwada ta a tsakar gida, mai gidan ya fito da tawul a wuya ya ce wa uban Ambrose ko bigila ko ɗaki. Shi ne Ambrose ya hau keken hawan ubansa, ya rataya bigilar, ya yi ta tafiya yana neman inda ba kunnen kowa. Ya wuce filin jirgin sama, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, har ya faɗa wani tsohon gandun dashen itatuwa na gwamnati da gwamnatin kanta ta manta da shi. Mutanen ƙauyen wurin suna ce masa Rafin Kanya. Manyan mangwarori ne suka haɗe kai, ga darbejiya a jere, ga kanya da tsamiya a bakin wani ɗan rafi da ke riƙe ruwa har bayan damina. Ya busa son ransa, ba wanda ya tanka sai tsuntsaye da suka tashi.

Tun daga wannan rana, Lahadinsa ta zama ta Rafin Kanya. In an tashi daga coci ya ci abinci, sai can. Shi bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasar Kano ba, kuma ya daɗe da haƙura da wannan. Amma a gindin itatuwan nan ba mai karɓar haya, ba mai tambayarsa mutumin ina ne, kuma nan kaɗai ne a duk garin yake jin ba aro ya yi ba. Yana son wurin, so na gaske, ko da yake in ka ce masa haka zai harare ka.

Da yake bakinsa ba ya riƙe abu, a hankali ya ja mutane. 'Yan garinsu na Sabon Gari suka mai da wurin inda suke cin sabuwar doya kowace shekara, da kaɗe-kaɗensu da rawarsu. Telolin Fagge, in sun gama kwanan zaunen ɗinkin Sallah, washegari can suke zuwa su baje a kan tabarmi su rama barci. Amare suka fara zuwa ɗaukar hoto. Sai kuma Alhaji Kyari.

Alhaji Kyari dillalin shadda da atamfa ne a Kantin Kwari. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Fagge ya tashi, kuma shekaru masu yawa Ambrose ke gyara wa iyalinsa keke. Da likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi inda zai riƙa hutawa, Ambrose ne ya saka shi a adaidaita sahu ya kai shi. Alhaji ya kwanta a gindin wani ƙaton mangwaro, ya yi barcin da ya ce rabonsa da irinsa tun yana goye. Daga nan bishiyar ta zama tasa. Kowace Sallah kuma sai ya kwaso danginsa da tukwanensu, mata suna turara wurin da turaren wuta kamar ɗakin amarya. Abota ta ƙullu tsakaninsa da Ambrose, irin wadda rabinta musu ne.

Gari bai tsaya inda yake ba. Gonakin da Ambrose ke ratsawa a kan keke suka zama fulotai, fulotan suka zama katangu, har ta kai kana kwance a inuwa kana jiyo masu buga bulo. Wata Lahadi a lokacin zafi, mangwaro ya nuna, yana cikin busa sai ya ga wata matashiya tsaye tana jira ya sauke. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce sunanta Ikhlas, daga ofishin tsara gari take.

"Baba, ana shirin yanka duk wannan ɓangaren a yi fulotai," in ji ta. "Aikina shi ne in gano abin da irin waɗannan wurare suke yi wa mutane, ban da katako da fili. In jama'a suna taruwa a nan, suna biki, suna hutawa, kuma suka faɗa da bakinsu, ana iya zagaye wurin a bar shi. Ba alƙawari nake yi ba. Amma sai an ji daga gare ku."

"'Yata, in dai baki ne, kin zo gidansa," in ji Ambrose. "Ki dawo Lahadi mai zuwa, ki zo da kunne."

Makon nan bai gyara keke ko ɗaya yadda ya kamata ba. Ya bi shagunan Fagge, ya bi layukan Sabon Gari, ya tsallaka shataletalen Bata ya shiga Kwari, yana gaya wa kowa ya zo ya faɗi abin da ke ransa. Da ya isa shagon Alhaji Kyari ya zayyana masa komai, Alhaji ya ajiye almakashi ya dube shi.

"Ita ce ta ce mu faɗi yadda muke son wurin?"

"Ita ce."

"Daga gwamnati?"

"Daga gwamnati mana, Alhaji. Da daga ina?"

"To," in ji Alhaji, yana shafa gemu. "To, to. Allah ya kai mu."

Da Ambrose ya tsaya ya yi tunani, da ya gane wannan "to" ɗin. Ya sha ganin Alhaji yana sayen kaya. A Kwari, abin da kake so ba ka yaba shi. In aka kwance dila, idon Alhaji ya faɗa kan shaddar da ta tafi da ransa, sai ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya yamutsa fuska, ya ce ruwanta ya mutu, saƙarta sakwa-sakwa ce, bara ma irinta ta yi kwantai. Ya taya a wulaƙance. In aka ce albarka, ya kaɗe riga ya juya, kuma kafin ya kai bakin layi za a kira shi. Da wannan ya gina gida, da wannan ya je Makka, da wannan ya aurar da 'ya'ya. Mutumin da kushe ya yi wa wannan rana ba ya jin ana tambayarsa me yake so ya ɗauka tambaya ce kawai. Amma Ambrose murna ta rufe masa ido, ya wuce abinsa.

Ranar Lahadi wurin ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an sauke kuloli, Nneka tana raba abinci, mutanen Fagge sun yi sallar la'asar a gefen rafi sun dawo. Ikhlas ta zauna a kan wani kututture, ta ajiye wayarta tana ɗaukar magana. Ambrose ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu, sai ka ce uban amarya. Ya ce a fara da Alhaji, shi ne babba.

Alhaji Kyari ya gyara zama. A hannunsa akwai mangwaron da ya tsotse rabi.

"Malama, gaskiya wurin nan ba wani wuri ba ne," ya ce. "Nisa kawai. Ga sauro. Mangwaron ma ki gani, duk tsami, rabinsa tsutsa. Mu dai rashin abin yi ne ke kawo mu."

Ya mai da mangwaron baki ya ci gaba da tsotsa.

Ambrose ya ɗauka bai ji daidai ba. Kafin ya buɗe baki, Malam Nu'uman shugaban telolin wani layi a Fagge ya karɓa, ya ce shi macizan wurin ne ke damunsa, kwanaki ma saura kaɗan. Wannan Nu'uman ɗin, da ke yin minsharin da ke korar awaki a gindin tsamiya! Wani ya ce da damina taɓo ne, wani ya ce da rani ƙura ce, wani ya ce 'yan shaye-shaye suna laɓewa. Ambrose ya juya wajen mutanensa na Sabon Gari, yana cewa a ransa ai waɗannan ba za su ba shi kunya ba. Chimezie mai sayar da kayan babur, wanda shi ke riƙe wuƙar yanka sabuwar doya kowace shekara, ya share murya ya ce su dai lalura ce, in da za su sami zaure mai fanka da tuni sun daina wahala. Ashe Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin makon, kuma ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Har Nneka, matarsa ta sunna ta coci, da aka zo kanta ta kalli ƙasa ta ce akwai ƙaya.

"Ƙaya!" Ambrose ya daka tsawa. "Mama Amarachi, ke ma? Shekara nawa kina yawo a nan ba takalmi?"

"Baba, ga dama ta zo kanka," in ji Ikhlas a hankali, tana juyo da wayar wajensa. "Faɗa mini naka."

Nan ne fa ya kamata ya yi sanyi ya ba da labarin bigila da keken ubansa da barcin teloli. Ina! Zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya nuna Alhaji ya ce maƙaryaci ne, ya nuna Nu'uman ya ce wane maciji ne zai iya kusantar wannan minshari, ya ce wa Chimezie Allah ya sa fankar ta faɗo masa a ka. Aka yi ca, kowa na magana. Abin da wayar ta ɗauka daga bakin mutumin da ya fi kowa son Rafin Kanya, zagi ne tsantsa.

Da za ta tafi ya raka ta bakin hanya.

"'Yata, wallahi ƙarya suke yi."

"Na sani, Baba. Na ga tabarmi, na ga tukwane, kuma zan faɗi abin da na gani. Amma waɗanda za su yanke hukunci ba su zo nan ba. Muryoyin za su ji."

Ya dawo ya tarar da Alhaji yana wanke hannu da buta, fuskarsa fes, irin ta wanda ya gama aikin lada.

"Alhaji, me na yi maka?"

"Taimakonka na yi, mutumina. Kai gyara ka sani, ba ka san ciniki ba. Yaushe gwamnati ta taɓa tambayar talaka me yake so don ta bar masa? Tana jin muna so, gobe za ta kewaye shi da waya, ta kafa ƙofa, ta sa mai karɓar kuɗi. Ko ta ba wani ya zuba lilo da kiɗa. Shekara da shekaru ta manta da wurin nan, shi ya sa muke morarsa. Yanzu ta ji ba shi da amfani, za ta sake mantawa."

"Ba sayar mana za ta yi ba, Alhaji! Yankawa za ta yi!"

"Haka kowane mai kaya yake cewa, wai akwai wani mai so. Ka bar ni da su."

Abin da ya fi ƙona wa Ambrose rai shi ne, ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da ya san yadda zai yi da ita. So ne ya sa su, kuma kowannensu ya koma gida yana ganin ya yi dabara.

Bayan 'yan kwanaki Ikhlas ta kira shi a waya. Ta ce masu yanke hukunci ba su zauna ba tukuna, in mutanen za su zo ofis su gyara maganarsu, za ta shigar da su. Ambrose ya bar keke a kwance a shagon wani tela, ya ruga Kwari.

Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi murmushin da ya sa Ambrose ya ji kamar ya shaƙe shi.

"Ka gani? Sun fara laushi. To yanzu ne ba za mu je ba. In ka juya ka tafi, ba ka waiwaye. Kana komawa da ƙafarka an san kana so, shi ke nan ka kashe kanka. Mu yi shiru, su za su kira mu."

"Ai kiran ke nan aka yi!"

"Yarinyar ce ta kira. Manyan nake jira."

Ambrose ya je wajen Nu'uman, Nu'uman ya ce shi yana kan abin da Alhaji ya ce. Ya je wajen Chimezie, Chimezie ya ce shi a saninsa Alhaji bai taɓa faɗuwa a ciniki ba. Nneka ta ce za ta bi shi, amma ranar motar manja ta iso, ba mai tsare mata kaya. Shi kaɗai ya tafi, da rigarsa ta coci. A wannan karon ya yi magana tiryan-tiryan, bai zagi kowa ba, har muryarsa ta karye da ya zo kan ranar da ya fara ganin wurin. Shugaban sashen su Ikhlas ya saurare shi da mutunci, ya yi masa godiya, ya sa aka kawo masa ruwa. Ambrose ya fito ya san abin da ya bari a ciki: tsoho ɗaya mai busa, a gefe guda kuma taron jama'a suna rantsuwa da macizai.

Damina ta zo ta wuce. Duk ranar da suka haɗu sai Ambrose ya ce, "Alhaji, sun kira?" Alhaji ya ce, "Za su kira." Aka ci sabuwar doya a wurin kamar kullum, Chimezie ya yi rawa har ya jiƙe. Da aka fara ganin turakun siminti na alamar fulotai a tsakanin itatuwa, Alhaji ya taka ɗaya da takalmi ya ce barazana ce, shi ma yakan sa yaransa su fara ɗaure dila a gaban mai saye. Ambrose ya daina amsa masa. Ya koma tara maganganu a ciki, yana gyara su, yana wasa su, yana jiran ranar da zai zazzage masa su duka.

Wata Lahadi bayan kaka suka taho tare a adaidaita sahu, Alhaji da tabarmarsa, Ambrose da jakarsa. Tun daga kan titi suka jiyo kukan inji. Da suka sauka, layin darbejiya ya riga ya kwanta, rana ta sauko har ƙasa a inda ba ta taɓa sauka ba, wurin ya yi wani irin tsirara. Wasu ma'aikata suna sassabe rassa. Ɗaya daga cikinsu yana zuba wa injin zartonsa mai a gindin ƙaton mangwaron nan na Alhaji.

Alhaji Kyari ya yar da tabarma. Ambrose bai taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar. Ya tattare babbar riga, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba, ya je ya dafa bishiyar da hannu biyu.

"Tsaya, ɗana, tsaya don Allah! Wannan kada ka taɓa ta. Ka san wace bishiya ce wannan? Duk Kano babu mangwaro mai zaƙinta. Inuwarta ko da tsakar rana sai ka ja mayafi. A nan na warke, wallahi a nan na warke, bayan magani ya gagara. A nan jikokina suka koyi tafiya. Ka faɗi abin da kake so, ko nawa ne, ba zan taya ba. Ina so. Ka ji na faɗa, ina so!"

Mai injin ya dube shi da tausayi, ya goge hannu a wando.

"Alhaji, ni ba tawa ba ce. Yankawa aka ce in yi. In itacen kake so, ka ɗan matsa mu kayar, sai ka yi magana da mai kwangila."

Ambrose yana tsaye a baya. Ga ranar da ya yi watanni yana jira ta zo, ga maganganunsa a shirye a kan harshe, masu kaifi, kuma duk gaskiya ne. Ya dubi tsohon, kai ba hula, hawaye na bin gemu, ya rungume bishiya yana yabonta a gaban wanda ba shi da ikon sallamawa. Haushi ya cika shi har wuya, baƙin ciki ya fi haushin yawa. Ya ɗauko hular, ya kaɗe ta, ya je ya kama hannun Alhaji ya janye shi gefe.

"Ci gaba, Alhaji," ya ce. "Faɗi sauran. Ni dai ina ji."

Alhaji ya buɗe baki ya ci gaba. Mai injin ya ja igiya, kuma daga nan ko Ambrose da ke riƙe da shi bai ƙara jin kalma ɗaya ba.